Yadda Ake Zaɓen Kariyar Gwiwa Ga Mai Tuƙa Babur A Cunkoson Gari

Duk mai tuƙa babur a cikin gari, in ya lura da zamansa a kan mashin, zai ga gwiwoyinsa sun leƙo waje, kuma tsayinsu ya zo daidai da bambar mota da gefen ƙofarta. Idan motar gabanka ta taka birki ba shiri, ko wani ya buɗe ƙofa bai duba madubi ba, ko tayar gaba ta zame a kan yashi ko man da ya zube a kwana, gwiwa ce kan fara karɓar bugu. Ga shi kuwa babu tsoka a gabanta, fata ce kawai a kan ƙoƙon gwiwa.

Wani babban bincike da ake kira MAIDS ya bi diddigin haɗurran babur 921 a ƙasashen Turai biyar a shekarun 1999 da 2000. Ya gano cewa ƙafafu ne suka fi samun rauni, kuma a fiye da kashi 70 cikin 100 na haɗurran, gudun babur a lokacin karo bai kai kilomita 50 a awa ba. Wato gudun cikin gari ke nan, irin wanda mutum ke raina wa har ya ce ai nan kusa zan je in dawo. A irin wannan gudun ne kariyar gwiwa ta fi yin aiki, domin ƙarfin bugun bai wuce abin da za ta iya ragewa ba.

Mataki na farko: ka san raunin da kake gudu

Gwiwa kan ji ciwo ta hanya uku a kan babur. Akwai bugu, inda ƙoƙon gwiwa ko saman ƙwauri ke dukan kwalta ko jikin mota. Akwai ƙujewa, inda mutum ya faɗi ya ja jiki a ƙasa fata ta sale. Sannan akwai murɗewa, inda tafin ƙafa ya kafe a wuri guda jiki ya juya, jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar su miƙe ko su tsinke. Jijiyoyin nan manya guda huɗu ne: biyu sun gitta juna a tsakiyar gaɓar, biyu suna gefe da gefe.

Kayan da ake sayarwa ma iri uku ne, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗinsu.

Na farko shi ne safar roba mai matsewa da ake samu a kantin magani ko wurin kayan motsa jiki. Tana ɗumama gwiwa, tana ɗan rage kumburi, amma ba ta tare bugu ko kaɗan, kuma kwalta za ta cinye ta nan take. Ka cire ta daga lissafi.

Na biyu shi ne garkuwar gwiwa, wadda aka yi da soso na musamman, wani lokaci da ɓawon roba mai tauri a samansa. Aikinta ta shanye bugu ta baza shi, kuma ta shiga tsakanin fata da titi.

Na uku shi ne mai sanduna a gefe biyu, da mahaɗi mai lanƙwasawa daidai gaɓar, ana ɗaure shi a cinya da ƙwauri. An ƙera shi ne domin masu tseren babur a daji da tuddai, waɗanda ke saukar da ƙafa a kwana da gudu suna kuma dirowa daga tsalle. Yana hana gwiwa karkacewa gefe, yana hana ta miƙewa ta wuce iyaka. Kamfanoni irin su Leatt da POD da Asterisk da Alpinestars sun yi suna a kansa. Kaya ne mai kyau a wurin da aka yi shi dominsa, amma yana da tsada ninki-ninki, yana da kauri, sa shi na ɗaukar lokaci, ba ya shiga wando na yau da kullum, kuma sandunan kan goge fentin tanki.

A ganina, mai lafiyayyar gwiwa da ke zirga-zirga a cikin gari na biyun yake buƙata. Haɗarin gari bugu ne da ƙujewa galibi. Mai sanduna kuwa, yawancin waɗanda suka saye shi don zuwa aiki kan ajiye shi bayan ɗan lokaci saboda wahalar sawa da cirewa, kuma abin da ke rataye a gida ba ya kare kowa. Sai dai wanda ya taɓa tsinka jijiya, ko aka yi wa gwiwarsa aiki, ko yake jin tana gocewa in ya sauke ƙafa da nauyin babur, nasa daban ne. Likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi na asibiti ne zai faɗa masa irin da ya dace, kuma ya tabbata wanda zai saya yana da murfin ƙoƙon gwiwa, domin na asibiti da yawa suna riƙe gaɓa ne kawai, gabansu a buɗe yake.

Mataki na biyu: wace siga ce za ka iya sawa kullum?

Garkuwar gwiwa kan zo ta hanya uku. Kafin ka zaɓa, ka tuna yadda ranarka take: sau nawa kake hawa da sauka, wane irin wando kake sawa, kuma akwai inda za ka ajiye kaya in ka isa?

Akwai wadda ake zurawa a aljihun cikin wandon babur. Ita ce mafi sauƙi, domin in ka sa wando ka sa ta, ba maganar mantuwa. Rauninta shi ne in wandon ya yi maka yawa, garkuwar za ta riƙa yawo, ranar faɗuwa kuma ta juya gefe ta bar ƙoƙon gwiwa a fili. Ka nemi wandon da aljihunsa ke da matakai biyu ko uku, yadda za ka ɗaga ta ko ka saukar da ita daidai tsayinka.

Akwai mai kamar safa, wadda ake zurawa ta ƙafa a ja ta zuwa gwiwa, a sa wando a kai. Tana manne wa jiki, don haka ba ta cika gocewa ba, kuma ba a ganinta. Amma sai ka cire takalmi kafin ka cire ta, kuma a zafi tana tara gumi a bayan gwiwa.

Sai mai maɗauri, wadda ake ɗaurawa a saman wando. Cikin minti ɗaya ka ɗaura, in ka isa ka kwance ka jefa a jaka. Yawanci tana sauka har ƙwauri. Ga mai zuwa ofis da wandon aiki, ita ce ta fi dacewa. Matsalarta, yadi mai santsi na sa ta zamewa ƙasa, kuma maɗaurinta kan saki in ya tsufa. Kada ka karɓi mai maɗauri ɗaya. Biyu ne mafi ƙaranci, ɗaya sama da gwiwa ɗaya ƙasa, uku ya fi in doguwa ce.

Batun tauri ko laushi ma a nan yake. Mutane kan ƙwanƙwasa ɓawon roba su ji tauri su ce wannan ita ce mai ƙarfi. Ɓawon yana da amfaninsa: yana zamewa a kan kwalta, yana hana abu mai tsini huda. Amma abin da ke shanye bugu shi ne soson da ke ƙarƙashi. Ɓawo mai tauri da siririn soso a ciki zai miƙa bugun ne kai tsaye zuwa ƙashi. Akwai sosunan zamani, irin na D3O na Ingila da SAS-TEC na Jamus, masu laushi a hannu suna bin sigar gwiwa, amma in bugu ya zo da sauri sai su ƙanƙame su shanye shi. Da yawa cikinsu ba su da ɓawo ko kaɗan, kuma sun ci jarrabawar bugun da wasu masu ɓawo suka faɗi.

Mataki na uku: ka karanta hatimin da ke jikinta

Nan ne ya kamata ka tsaya ka ɓata lokaci, domin ido da hannu ba sa iya gane soso mai kyau. Ma'aunin da aka fi dogara da shi a duniya shi ne na Tarayyar Turai mai lamba EN 1621-1, wanda aka sabunta a 2012. Shi ne na garkuwar gwiwa da gwiwar hannu da kafaɗa da ƙugu. EN 1621-2 na gadon baya ne, kada a rikita ka da shi.

Yadda ake gwajin: ana ɗora garkuwar a kan wani ƙarfe mai siffar gaɓa wanda ke auna ƙarfi, sai a sako ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin kusan mita ɗaya ya faɗo mata. Ana auna ƙarfin da ya ratsa ta ya isa ƙasa. Idan matsakaicinsa bai wuce kilonuton (ma'aunin ƙarfi) 35 ba, ta samu mataki na 1. Idan bai wuce 20 ba, ta samu mataki na 2. Saboda haka 2 ya fi 1.

Hatimin hoton mutum ne a kan babur a cikin ɗan akwati, yawanci an buga shi a jikin soson ta ciki, tare da wasu haruffa. K na nufin gwiwa da ɗan saman ƙwauri. K+L na nufin gwiwa da saman ƙwauri zuwa tsakiyarsa. Idan ka ga E/K, garkuwar na aiki a gwiwar hannu da ta ƙafa. Sai harafin A ko B, wanda ke nuna faɗin wurin da take rufewa, B ya fi A faɗi. Akwai kuma alamu biyu da ba dole ba ne: T+ na nufin an gwada ta a zafin digiri 40, T- kuma a sanyin digiri 10 ƙasa da sifili. Mai zama a ƙasa mai zafi ya nemi T+, domin wasu sosuna kan yi laushi fiye da kima in sun ji zafi, su rage aiki.

Idan aljihu ya ba da dama, ka ɗauki K+L, nau'in B, mataki na 2. Dalilin L ɗin shi ne ƙarin rufe ƙwauri: a cunkoso ƙwauri ne ke haɗuwa da bambar mota, kuma bugu a samansa yayin da gwiwa ke lanƙwashe yana tura ƙashin ƙwauri baya, ya ja jijiyar baya ta cikin gaɓar. Amma in mataki na 2 ya yi maka kauri ko zafi har kana ƙyuyar sa shi, ka koma mataki na 1 da ke zama daidai a jikinka, ba ka yi asara ba.

Haruffan CE (alamar bin ƙa'idar Tarayyar Turai) su kaɗai, ba lambar ma'auni ba mataki, ba su isa hujja ba, kowa na iya buga su a leda. Kaya na gaskiya kan zo da ɗan littafin bayani mai ɗauke da sunan kamfani da adireshinsa, da sunan hukumar da ta yi gwajin. In babu hatimi a jikin soson kuma babu takarda, ka ɗauka ba a gwada ta ba. Haka kuma garkuwar masu keke ko masu wasan zamiya, ko wadda magina ke durƙusawa a kai, ba a yi su don bugun babur ba.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa ƙarara. Kilonuton 20 kusan nauyin tan biyu ne, kuma wannan shi ne abin da aka yarda ya ratso garkuwa mai kyau a ɗakin gwaji. Wani bincike da Liz de Rome da abokan aikinta suka wallafa a Ostareliya a 2011, kan mutum 212 da suka yi haɗarin babur, ya nuna cewa masu wandon babur mai garkuwa sun samu raguwar haɗarin raunin ƙafa da kusan kashi 40 cikin 100. Amma bai nuna raguwar karaya ba. Garkuwa na rage yankewa da ƙujewa da daujewar nama, irin raunukan da ke hana mutum aiki makonni. Ba ta hana ƙafa karyewa in mota ta matse ta da babur. Wanda ya sa ta ya ƙara kutsawa tsakanin manyan motoci bai fahimci abin da ya saya ba.

Mataki na huɗu: awo

Ka sami tef ɗin tela. Kowane kamfani yana da inda yake so a auna, wani tsakiyar ƙoƙon gwiwa, wani santimita 10 sama da shi, wani kaurin sha-raɓa, don haka ka duba jadawalinsu tukuna. Ka auna a tsaye, ƙafa a sake, ƙafafu biyun duka domin ba lallai su zo ɗaya ba. Da yamma ya fi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini. Wadda za a ɗaura a saman wando a auna ta a kan wandon, mai kamar safa kuma a kan fata. In awonka ya faɗa tsakanin lamba biyu, mai kamar safa ka ɗauki ƙaramar tunda za ta saki da amfani, mai maɗauri kuma ka ɗauki babbar.

Mataki na biyar: gwaji a kan babur, ba a tsaye ba

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Mutum ya sa garkuwa ya tsaya gaban madubi, ya ga ta zauna a kan gwiwa, ya biya. Da ya hau babur ya lanƙwasa ƙafa, wando ya ja sama, garkuwar ta koma saman cinya. Abin da ya dace shi ne a tsaye ta ɗan yi ƙasa kaɗan, yadda in ka zauna za ta hau daidai ƙoƙon gwiwa. In babur ba ya kusa, ka zauna a bakin kujera ka ja ƙafafunka baya kamar suna kan matakin babur.

A zaunen nan, ka sa yatsa ka laluba. Ƙoƙon gwiwa ya kasance a tsakiyar kwarmin garkuwar, gefunanta kuma su naɗo su rufe ɓangarorin gaɓar, musamman na waje, tunda faɗuwar kwana a gefe ake yin ta. Sannan ka kama ta da hannu biyu ka yi ƙoƙarin juya ta hagu da dama, ka tura ta sama da ƙasa da ƙarfi. Idan hannunka ya iya kawar da ita daga kan ƙoƙon gwiwa, kwalta ma za ta iya.

Daga nan ka tashi ka yi tafiya, ka hau matakala, ka tsuguna sau da yawa, ka ɗaga ƙafa kamar za ka haye babur. Ka koma ka zauna ka duba ko tana nan inda ka bar ta. A kan babur ɗin kuma ka taka birkin baya, ka sa giya sama da ƙasa, ka matse tanki da gwiwoyi, ka sauke ƙafa da sauri kamar danja ta tsayar da kai. A cikin gari za ka yi wannan saukewar ba adadi a tafiya guda, don haka duk abin da ya ɗan maƙale ko ya ja maka ƙafa yanzu, gobe zai zama abin haushi, wata rana kuma haɗari. Ka duba ƙasan garkuwar ma, kada ta yi karo da bakin takalminka ta tura kanta sama.

Maɗauri ya kama, amma yatsa biyu su iya shiga ƙarƙashinsa. Ka kula da wurare biyu. Ɗaya bayan gwiwa, inda manyan hanyoyin jini ke wucewa: maɗauri kada ya zauna a cikin lanƙwasar, ya kasance sama da ita ko ƙasa. Na biyu, ka shafa gefen waje na ƙafarka ƙasa da gwiwa kaɗan, za ka ji wani ɗan ƙashi ya turo. Wata jijiyar ji tana zagaya wuyansa dab da fata, kuma ita ce ke ɗaga tafin ƙafa sama. In maɗauri ko bakin ɓawo ya danne ta, za ka ji saman ƙafarka ya sage ko yana tsira kamar allura, kuma ɗaga giya zai yi maka nauyi. Ka bar garkuwar a jikinka kamar minti 20 kafin ka yanke shawara, domin irin wannan ba ya nunawa nan take. In ka ji alamarsa, ka sassauta ko ka canza wata.

Mataki na shida: zafi da wandon da ke tare da ita

A cunkoso iska ba ta kaɗawa, injin kuma yana huro zafi a ƙafafu. Ka zaɓi soso mai huji-huji, da yadin baya mai raga, ko wanda aka bar bayan gwiwa a buɗe. Wanda soson ke fita daga rigarsa ya fi, don ka riƙa wanke rigar.

Garkuwa tana rufe ɗan wuri ne kawai. Cinya da ƙugu da sauran ƙafa suna hannun wandon da ka sa, kuma jins na yau da kullum yakan yage da zarar ya ja a kan kwalta. Wandon babur yana da nasa ma'aunin, EN 17092, mai darajoji AAA da AA da A. AAA ya fi juriya amma ya fi nauyi da zafi, A ya fi sauƙi, an yi shi da tunanin tafiyar gari. AA tsaka-tsaki ne, kuma dole ya zo da garkuwar ƙugu, abin da ba dole ba ne a A. In ka ga B a jikin wando, yadin na jure gogayya amma babu garkuwa a ciki, kai za ka nemo.

In kana ɗaukar wani a baya kullum, gwiwoyinsa sun fi naka buɗewa waje, kuma ba ya ganin abin da ke tafe balle ya janye su. Shi ma a auna shi a saya masa tasa.

Kulawa da lokacin canzawa

Ka cire soson kafin wanki, ka goge shi da tsumma mai ɗanshi, rigar kuma a wanke ta da hannu a shanya a inuwa. Kada ka bar garkuwa a rana ko kusa da salansa, kada fetur ko man inji ya taɓa ta, kuma kada ka ninke ta ka danne da kaya a ƙarƙashin sirdi.

Lokaci zuwa lokaci ka fito da soson ka lanƙwasa shi a haske. In ka ga tsaga, ko ya bushe yana marmashewa, ko ka danna shi da yatsa bai dawo ba, ya gama aiki. Bayan faɗuwa mai ƙarfi ka duba shi ciki da waje, ɓawon da ya tsage a canza shi ko da tsagar ƙarama ce. Maɗauri kuwa yakan riga soso mutuwa: robar ta saki, mannin ya cika da zare ya daina kamawa. Ka tsefe zaren da tsohon buroshi, in bai kama ba tela zai iya ɗinka sabo, muddin bai huda soson ba. Ɗan littafin da ya zo da ita yakan faɗi shekarun da kamfanin ya ɗibar mata, ka rubuta ranar da ka saya a bangonsa ka ajiye.